Ranar da Na Buɗe Kwalbar Khala Sabiha

Ku yi mini afuwa tun kafin mu yi nisa. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin wadda ake aika ta ɗauko gishiri, bayan rabin awa a same ta a tsugune tana karanta takardar da aka naɗe shi a ciki. Wannan ne labari na farko da na taɓa rubutawa, kuma sau huɗu ina yaga shafin farko. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ku ɗauke kai. Abu ɗaya ne zan bugi ƙirji a kansa: duk abin da ya shafi tukunya da zuma a labarin nan daidai yake, domin da hannuna na yi.

Sunana Rihab. A gidanmu da ke Basra, a ƙarƙashin matakalar bene, akwai manyan kwalabe shida cike da zumar dabino, kowacce an rufe bakinta an ɗaure da farin ƙyalle. Khala Sabiha ce take aiko su daga garin Abul Khasib, ɗaya a shekara, bayan an gama yankan dabino. Ƙanwar kakata ce, amma Khala, wato inna, muke ce mata tunda haka babanmu yake kiranta. Kakar tamu kuwa, Bibi Fahriyya, shekara shida ke nan ba ta yi magana da ita ba. Ɗan Khala Sabiha ne ya sare bishiyar dabinon da mahaifiyar su Bibi ta dasa da hannunta, don ya sami wurin ajiye mota, kuma Bibi a bakin mutane ta ji. Ranar ta ce ƙafarta ba za ta ƙara taka gidan ba.

Kowa ya san ba a mayar da kwano wayam. In maƙwabciya ta aiko miki da miya, sai kin sa wani abu a kwanon kafin ya koma, ko da ƙwayar dabino bakwai ce. Kuma ba a riƙe kwanon mutane bayan an cinye abin da ke ciki. To Bibi ta zauna ta yi nazarin wannan fiye da yadda nake nazarin littattafaina. In ta mayar da kwalbar a rufe, ta yanke zumunci ke nan a fili, ita kuwa tana tsoron Allah. In ta buɗe aka sha, dole kwalbar ta koma da wani abu daga hannunta, wannan kuma sulhu ne. Sai ta samo hanya ta uku. Duk shekara ta karɓa, ta ce wa ɗan aike a gaishe su, ta sa a kai ƙarƙashin bene. Ba a buɗe ba, ba a mayar ba. Ko babanmu bai isa ya taɓa ƙyallen ba.

Ranar Alhamis sakamakon jarrabawar yayata Ibtihal ya fito, ta gama karatun haɗa magunguna. Kafin azahar duk layinmu ya ji, aka ce mata za su shigo taya murna ranar Juma'a da la'asar. Ibtihal tana da wata alawa da aka san ta da ita: konfilas na kwali, a juya shi cikin narkakken cakulan da bota da farar zumar masara ta kanti, a ɗiba da cokali a 'yan kofunan takarda, a bar shi ya daskare. Ba a gasawa, ba a soyawa. Yaran layinmu alawar Ibtihal suke ce mata, kuma da ba ta yi ta ranar ba, da an yi wata guda ana yi mata tsiya.

Da hantsin Juma'a ta narkar da cakulan, ta jera kofuna tamanin a manyan farantai biyu, sannan ta miƙa hannu kabad ta ɗauko robar farar zumar. Ta girgiza. Ta kife ta a kan cokali. Abin da ya sauko bai cika cokali biyu ba.

"Wa ya shanye mini zuma?"

Yumma, mahaifiyarmu, tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke kika ƙarar da ita tun Sallah, kika mayar da robar kabad kamar ta Allah."

"Yumma, mutum talatin za su zo!"

"To ki ba su sakamakon jarrabawar su lasa."

An riga an rufe shaguna, masu su sun tafi masallaci, kuma a zafin nan ba mai sake buɗewa kafin la'asar. Ina zaune a kan buhun shinkafa da littafi a cinya. Ban cika sa baki a maganar manya ba, amma wannan na san ta. Akwai wani tsohon littafin girki a gidanmu da ba shi da bango, ba wanda ya taɓa dafa komai daga cikinsa, ni kuwa na karanta shi sau uku, har da babin alawa.

Na ce, "Zumar dabino za ta yi."

Ibtihal ta juyo. "Malama ta yi magana. To ina zumar dabinon? Baba ya lashe ta ƙarshe da safe da markaɗaɗɗen riɗi, har da sa yatsa."

Yumma ta ɗauki shinkafarta ta fita tsakar gida. Muka saura mu biyu. Ban san wadda ta fara kallon wajen matakala ba.

"Kul," in ji Ibtihal. "Kul, Rihab. Bibi sai ta yanka mu."

"Kofi ɗaya kawai. Gobe mu sayo ta kasuwa mu cika, mu ɗaure ƙyallen yadda yake."

"Ke da ko kyankyaso kike tsoro?"

Gaskiya ne, ina tsoron kyankyaso, ina tsoron baƙi, ina tsoron malami ya kira sunana a aji. Amma na ga idon Ibtihal ya kawo ruwa, ita da ta yi shekara biyar tana karatu har gashinta ya fara zuba. Bibi tana ɗakinta, rediyonta yana karatun Juma'a. Na cire silifa, na shiga ƙarƙashin bene, na rungumo kwalbar da ta fi kusa, wadda aka aiko bara.

Da na kwance ƙyallen na murɗa murfin, wani ƙamshi ya tashi wanda ban taɓa jin irinsa a ta kasuwa ba. Zaƙi da ɗan tsami, da wani abu kamar hayaƙi a can ƙasa. Baƙa ce wuluk, amma in an ɗaga cokali wajen haske sai ta yi ja.

Ibtihal ba ta jira na yi bayani ba. Ta ɗibi kofi guda ta juye cikin rabin cakulan, ta zuba konfilas, ta juya da sauri yadda ta saba. Muka ɗiba a kofuna biyar muka zuba musu ido. Ba su tsaya ba. Zumar ta tsiyaye ta taru a ƙasan kofi, konfilas ɗin ya jiƙe ya yi laushi kamar wanda ya kwana a madara.

"Shi ke nan, kin kashe ni. Ga cakulan ya tafi, ga kwalba a buɗe. Wa ya aike ni bin maganar mai littafi?"

"Ba ni cokalin."

"Me?"

"Ba ni cokalin, Ibtihal, ki matsa."

Ban taɓa yi mata magana haka ba, ina jin mamaki ne ya sa ta ba ni. Abin da ya faru ba wani asiri ba ne. Farar zumar kanti kauri gare ta da danƙo, tana riƙe abu tun daga roba. Ta dabino tana da ruwa a jikinta, sai an kore shi tukuna. Kuma ɗanɗanonta ya fi ƙarfi, ba a sa ta da yawa kamar waccan. Na ɗibi wani kofin, bai cika ba, na zuba a ƙaramar tukunya da bota, na ɗora a wuta kaɗan. Na ajiye kofin ruwan sanyi a gefe. Ta fara tafasa da ƙananan kumfa masu sauri, ina juyawa. Can na ɗiga ɗigo ɗaya a ruwan, ya watse. Na ci gaba. Na sake ɗigawa, ya sauka ƙasa kamar zare. Ibtihal tana tsaye a kaina tana ta "za ta ƙone, wallahi za ta ƙone", ban kula ta ba. Da kumfar ta yi girma ta fara fashewa a hankali, na ɗiga na uku, na sa yatsa na ɗauko shi, ya dunƙule tsakanin yatsuna kamar ƙaro mai laushi.

Na sauke. Na jira ta ɗan huce, don in ta yi zafi da yawa cakulan yakan kame ya yi tsaki-tsaki. Na juye sauran cakulan a ciki, na barbaɗa gishiri ɗan kaɗan saboda tsamin, sannan konfilas, ina juyawa daga ƙasa don kada ya farfashe. Daidai lokacin aka ɗauke wutar lantarki, firij ya yi shiru.

"Madalla," in ji Ibtihal. "Abin da ya rage ke nan."

"Ba ya bukatar firij. Ki ɗiba kawai."

Kofi hamsin da biyu muka samu. Muka ɗora farantan a kan bahon ƙanƙara a ɗakin baƙi, muka rufe da gyale. Kafin Baba ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sun kame. Ibtihal ta ɗauki ɗaya ta ciza, na ji ƙarar ƙaras tun daga inda nake. Ta tauna, ta dube ni, ta sake ɗaukar wani.

"Kar ki faɗa wa kowa, amma ya fi nawa."

Na mayar da kwalbar, na ɗaure ƙyallen, na juya ta yadda inda ya ragu zai fuskanci bango. A raina na ce an gama.

Da la'asar mata suka cika ɗaki, ana guɗa, ana sumbatar Ibtihal a kumatu, shayi yana zagayawa a ƙananan kofuna. Bibi tana zaune a kujerarta ta kusa da taga, da baƙin mayafinta da carbinta. Kusa da ita Umm Karrar, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ta shekara arba'in tana zolayar Bibi kuma ita kaɗai ce Bibi take ƙyalewa. Ni aka ba faranti. Ban damu ba, domin Bibi ba ta cin alawar Ibtihal. Abincin yara take ce mata.

Umm Karrar ta ci ɗaya, ta ci biyu. "Kai! 'Yar nan, yau me kika sa? Ko tun yanzu kin fara zuba mana magani?" Ta ɗauki na uku ta miƙa wa Bibi. "Hajiya, karɓi."

"Ba ni da haƙoran wasa."

"Jikarki ta zama mai haɗa magunguna, ki ce ba za ki ɗanɗana alawarta ba? Gobe in ƙafarki ta tashi wa zai ba ki ƙwaya? Karɓi, don Allah, kar ki ba mu kunya."

Bibi ta karɓa don a rabu da ita. Ta gutsuri gefe. Na ga bakinta ya tsaya. Ta rufe ido, ta daɗe a haka, carbin ma ya daina motsi. Da ta buɗe, ba Ibtihal ta kalla ba, ba ni ba, wajen matakala ta kalla.

"Wannan da busassun rassan dabino aka dafa ta, aka shanya a kan soro. Ba a sayar da wannan a kasuwa. Wa ya shiga ƙarƙashin bene?"

Duk matan nan sun san labarin kwalaben, wasu ma a gabansu ake karɓa. Ibtihal ta buɗe baki, na san za ta ce ita ce. Sai na riga ta.

"Ni ce, Bibi."

"Ke?"

"Farar zuma ce ta ƙare. Kuma ni na ce a sa, ni na ɗauko, ni na dafa."

"Ɗauko ta."

Na je na rungumo ta, na ajiye a kan darduma a tsakiyar ɗaki. Ragin ya fito fili, kamar faɗin yatsu huɗu. Sai Umm Karrar ta ajiye kofin shayinta a hankali.

"To, Hajiya. An buɗe."

"Ina da ido."

"Kuma an ci. Ni ma na ci, ke ma kin ci, ga shaidu talatin. Da me za a mayar?"

Bibi ta gyara mayafi. Wallahi sai da na ga gefen bakinta ya motsa, irin na wanda ya riga ya shirya amsa tun kafin a tambaye shi. "An buɗe, ba a ƙarar ba. Kwalba ba ta komawa sai ta zama wayam. Ni kuwa a shekaruna, ga ciwon sukari yana leƙo ni, cokali ɗaya a wata ya ishe ni. Rihab, rufe ki kai ɗakina."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na sunkuya zan ɗauka, Umm Karrar ta dafa murfin da tafin hannunta.

"Tsaya, 'yar nan. Hajiya, tambaya nake. Yau ranar murna ce a gidan nan ko ba ita ba ce?"

"Ita ce."

"Maƙwabciya ta roƙi abu a gidanki ranar murna, kya hana ta?"

Bibi ta ja carbinta, Umm Karrar ta ci gaba.

"To ni jikokina sun ƙi cin komai sai wannan alawar, kuma ban taɓa cin mai daɗin ta yau ba. A sam mini kofi ɗaya in je in gwada. Rihab, ya ma kika yi ta?"

Sai ga ni tsaye a gaban mata talatin ina bayani, ni da ko gaisuwa sai Yumma ta tura ni. Na ce kar a sa daidai da ta kanti, a rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Na ce a tafasa ta da bota har ɗigo ya dunƙule a ruwan sanyi, a bar ta ta huce kafin cakulan, kar a manta da gishiri. Wata ta ce in ba cakulan fa, na ce markaɗaɗɗen riɗi zai riƙe, amma ɗanɗanon zai zama na karin kumallo. Suka yi dariya. Ina magana Umm Karrar tana tsiyaya a kofin shan ruwa.

"Ni ma, Hajiya, a sam mini."

"Ni rabin kofi ma ya isa, mijina ne kawai."

"Hajiya, ni surukata ce ke da ciki, tun jiya take kiran zumar dabino."

"Ke da ba ki da suruka?" in ji Bibi.

"Ta ƙanwata ce."

Sai ga Yumma ta shigo da tire cike da duk kofunan gidanmu, ta ajiye kusa da kwalbar, ta koma ba ta dubi kowa ba. Bibi ta bi ta da kallo har ƙofa. Kafin a kira magariba kwalbar ta koma rabi, ta koma kwata, aka karkata ta ana jira ta tsiyayo. Umm Karrar ta sa aka kawo mata gutsuren gurasa, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har gwiwa ta suɗe gindin, ta cinye a gaban Bibi.

"Alhamdu lillahi. Wayam."

Bibi ta tashi, ta dafa sandarta. A bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya, ba ta juyo ba. "Kwalba dai fashewa take yi," ta ce, ta shige.

Wannan maganar ce ta hana ni sakat kwana biyu. Na wanke kwalbar na kife ta a tagar madafa, kuma duk sanda na ji ƙarar sandar Bibi ta nufi wajen sai na ruga na leƙa. In ta faɗi ta fashe, ba wanda zai ce da gangan ne, kuma shi ke nan, sauran biyar ɗin za a sa musu kwaɗo, ni ce kuma na jawo. Kofunanmu suka yi ta dawowa ɗaya bayan ɗaya, wani da gyaɗa, wani da busasshen lemun tsami, wani da alawar da aka gwada ba ta kame ba. Bibi ba ta yi mini magana ba. In na kai mata shayi sai ta nuna tebur da haɓa.

Ranar Litinin da safe na shiga madafa na same ta tsaye a gaban taga, kwalbar tana hannunta. Na tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗaga ta wajen haske, ta juya ta, ta kankare wani abu da farce.

"Wannan ne wankin? Ga danƙo a wuyanta. Sake wankewa, ki shanya a rana, sannan ki jawo mini babban tulun can."

Babban tulun shi ne na mangwaronta mai tsami, wanda take jiƙawa da yaji da hulba da kurkur, ba ta yarda kowa ya sa masa cokali sai ita. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ta yi ta zaɓo manyan yanka tana jerawa a kwalbar, tana dannawa, ta cika har wuya, ta tsiyaya ruwan a kai.

"Ba don ita ba," ta ce, ko da yake ban tambaya ba. "Don kada a ce gidan nan yana riƙe kwalbar mutane. Tun tana yarinya take satar mini wannan, har ta yi ta kuka da yaji tana ƙara ci." Ta ɗaure ƙyallen da kanta. "Akwai sauran shirmen nan naku?"

"Guda shida, Bibi."

"Sa a kula da ƙanƙara. Ta ga abin da aka yi da wahalarta. Kuma wadda ta buɗe ita za ta kai."

"Ni? Ban san gidan ba, ina 'yar shekara goma rabona da shi."

"Na sani. Ke in aka sake ki, gidan wasu za ki kai, kina tafe kina karanta allunan shaguna. Zan bi ku in nuna ƙofa. Ba zan sauka daga mota ba, ki faɗa wa ubanki kar ma ya fara."

Baba ya bar aikinsa ya kai mu. Ina baya da kwalba a cinya da kula a ƙafa. Muka bar kwalta muka bi gefen wata ƙaramar ƙorama, Bibi tana cewa dama, hagu, a hankali, kai ba ka ga rami ba. A gaban wata koriyar ƙofar ƙarfe ta ce a tsaya. Ta ɗaga gilashi har sama, ta miƙe zaune tana kallon gaba.

Na ƙwanƙwasa da gwiwar hannu. Wadda ta buɗe kamar Bibi ce aka rage wa tsawo aka ƙara wa faɗi, hannunta duk gari. Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta dubi motar. Ta gane ƙyallen kafin ta gane ni.

"'Yar wa?"

"Rihab ce, Khala. An ce in kawo wannan."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗaga ta ga mangwaron, ta rungume ta a ƙirji. "Wancan kuma mene ne?"

Na buɗe kular na miƙa mata ɗaya. Ta juya shi, ta shinshina, ta ciza. Ta tauna a hankali. Sai ta ture ni gefe ta fito har tsakiyar hanya, ta ɗaga murya yadda ko gilashin jirgi ne sai ta ratsa.

"Fahriyya! Kwana tara ina hawa soro da wannan gwiwar, ina korar rina, ina tacewa da ƙyalle sau uku, don a zuba wa masarar kwali?"

Gilashin ya sauka kamar faɗin tafin hannu.

"Da ta yi kauri da ba a sake dafa ta ba. Ruwa-ruwa ce. Sai da yarinya ta ƙara mata wuta kafin ta kama."

"Ruwa-ruwa? Zumata?"

"Yummarmu, Allah ya jiƙanta, ba haka take yi ba. Ta Yumma in kin tsayar da cokali a ciki, sai ki je ki yi alwala ki dawo bai faɗi ba."

"Ƙarya kike, ke ko tsayawa a soron ba kya yi, kullum kanki ke ciwo! Sauko ki faɗa mini a gabana. Akwai irinta a ɗaki, zo ki tsayar da cokalin da hannunki, in ya faɗi ki kira ni duk sunan da kika ga dama."

"Ba na shiga."

"Don kin san ba zai faɗi ba."

Ƙofar mota ta buɗe. Sanda ta fara fitowa, sannan ƙafa. Baba ya zabura zai riƙe ta, ta make hannunsa. Ta tako tana cewa minti ɗaya za ta yi, cokali kawai za ta gani, kuma kada wani ya kawo mata shayi. Khala Sabiha tana gaba da kwalba a ƙirji tana cewa wa ma ya ce zai ba ki, shekara shida sai yau kika ga damar mayar da guda ɗaya, saura biyar, kuma kar a sake kawo mini su da wannan abin yaran, ko da yake ba ni ɗaya tukuna. Da suka zo bakin ƙofa Bibi ta ɗan tsaya. Khala Sabiha ba ta juyo ba, ta dai miƙo gwiwar hannunta baya, Bibi ta kama ta haye dokin ƙofar tana cewa tun da can wannan matakin ya yi tsawo.

Na bi su da kular har tsakar gida na ajiye a inuwa. Daga cikin ɗakin ajiya ina jin ƙarar murfi, da "riƙe mini nan", da "ba wannan cokalin ba, babban". Matan gidan sun fara fitowa daga ɗakuna, wata da jariri a kafaɗa, wata ta rufe baki da mayafi, duk idonsu yana kan ƙofar ɗakin ajiyar. Sai na ji muryar Khala Sabiha tana tambaya, wai ma wace mai ƙarfin halin ce ta kwance ƙyallen, a kawo ta ta gan ta da kyau.

Akwai wata 'yar ƙofa a bayan tanderun gurasa da ke fita lambu. Kafin kowa ya waiwayo na bi ta nan, na ja ta a hankali ta rufu.